Moɗar da Aka Cika wa Zane

Akwai wani mutum da gidansa yake bakin hanyar babbar kasuwa. Yana da rijiya a tsakar gida, ruwanta garai-garai, ga sanyi. Da ya ga yadda matafiya suke wucewa da rana tsaka leɓɓansu a bushe, sai tausayi ya kama shi. Ya kafa randa a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, kullum da sassafe ya cika ta, ya rufe da faifai, ya kifa moɗa a kai.

Amma fa babu mai sha. Da yamma sai ya tarar da ruwan yadda ya zuba shi, ya kwashe ya ba tumaki.

Shi kuwa mutum ne mai bin diddigi, ko kaza ce ta ƙi shiga akurki sai ya nemi dalili. Don haka ya zauna a kan kututture yana kallon masu wucewa. Ya ga ƙishirwa dai suna jin ta, har su kan saci kallon randar, sa'an nan su kau da kai. Sai ya shiga ɗaga murya yana cewa, "Ga ruwa! Kyauta ne!" Ai kuwa sai suka ƙara sauri. Wani mai jaki ne ya tausaya masa, ya ce, "Maigida, tun daga gida aka ja mana kunne. Duk wanda ya kira ka da ƙarfi a hanyar nan, akwai abin da yake nema a wurinka."

To, mutumin nan yana da wata yaya, gwauruwa, da take zaune a gidansa. Sana'arta zanen ƙwarya. Ta kan ɗora wuƙa a garwashi, ta bi bayan ƙwarya da ita a hankali, sai ga tsuntsu, sai ga kifi. Shi dai bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Ya kan ce, "Yaya, ƙwarya mai zane da wadda ba ta da zane, ai duk fura ɗaya suke damawa." Ita kuma ta ce, "Haka ne, Auta," ta ci gaba da aikinta. Har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba.

Ana nan, wata rana akuya ta ture moɗar ta fashe. Da ya rasa wata, sai ya ari ƙoƙo guda a ɗakin yayar, mai zanen zabi sun kewaye tafki, ya kifa a kan randar.

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga wata mai tallan daddawa ta tsaya. Ta ɗauki ƙoƙon, ta juya shi, ta ƙirga zabin, ta yi dariya ta ce, "Wannan ta ƙarshen me ya hana ta sauka?" Mutumin ya ce bai sani ba, sai an tambayi mai zanen. Suna cikin hira ta buɗe faifai, ta ɗebi ruwa ta sha, ta ƙara. A ranar, kafin la'asar randar ta ƙare.

Abin ya ɗaure wa mutumin kai, ya kuma faranta masa rai ƙwarai. Ya ce a ransa, in zabi bakwai sun tsai da mutum goma, yaya ke nan in an ƙara? Ya sa yayar ta zana wani ƙoƙon, ya dawo ya ce ta ƙara, ya sāke dawowa ya ce ta zurfafa don a riƙa hangowa daga nesa. A karo na uku ta ajiye wuƙar ta ce, "Auta, bayan ƙwarya na wuƙa ne, cikinta na ruwa. A nan zan tsaya."

Bai ji ba. Da ta tafi gona sai ya ɗauki wuƙar da kansa, ya bi zanen yana ƙwaƙulewa, har rana ta riƙa leƙowa ta tsakanin fukafukan tsuntsayen. Gaskiya ƙoƙon ya yi kyau. Kashegari mutane suka taru a gindin tsamiya, wannan ya karɓa ya yaba, ya miƙa wa wancan. Mutumin yana ta washe baki, bai ko lura ba cewa tun safe ba wanda ya ɗaga faifan.

Da rana ta take, sai ga wata tsohuwa ta iso da sanda, tana haki. Ba ta dubi zane ba. Ta karɓi ƙoƙon, ta tsoma a randa, ta ɗago. Kafin ya kai bakinta ruwan ya tsiyaye ta hudojin, ya jiƙa mata tufafi. Ta sāke, haka. Ta sāke na uku, haka. Sai ta dubi mutumin ta ce, "Ɗana, kyau kam akwai kyau. Amma ni ƙishirwa nake ji."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa, ya haɗa tafin hannuwansa biyu, aka zuba masa ruwa, tsohuwar ta sha a ciki har ta ƙoshi. Garin neman gira, saura kaɗan ya rasa ido.

Ma'anar wannan misali, ya ku ɗalibai, ga ta. Ruwan nan shi ne bisharar Yesu Kristi, kuma ba mu muka haƙa rijiyar ba. Hanyar ita ce makarantar nan taku, inda dubbai suke wucewa kullum daga ɗakin kwana zuwa aji. Kada shirunsu ya ruɗe ku, da yawansu ƙishirwa suke ji. An dai ja musu kunne ne, ko kuwa an taɓa yi musu ihu da sunan wa'azi har suka koyi kau da kai.

Moɗa ita ce baiwar da Allah ya ba wasunku: waƙa, kiɗa, wasan kwaikwayo, zane, rubutu. Akwai shugabannin zumuntar ɗalibai Kirista da suke yi wa masu wannan baiwa kallon da Auta ya yi wa yayarsa, sai an rasa mai jera kujeru ake tunawa da su. Wannan kuskure ne, yana kuma ɓata mini rai. Wanda ya yi wa zabuwa zanenta ba ya ƙin ado. Sau nawa wanda ba zai taɓa shiga sujada ba ya tsaya a bakin taga saboda wata waƙa, ya yi tambaya, hira ta ɓarke?

Amma ku masu baiwar, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In kuna shirya wasa, kuka cire maganar zunubi don kada a ɓata rai, kuka cire maganar gicciye wai ta yi nauyi, kuka bar dariya da tafi kaɗai, to wuƙarku ta huda ƙwarya. Zauren zai cika, za a ɗauke ku a waya, a yaba. A cikin taron kuwa akwai wata da ta faɗi jarrabawa sau biyu, ko wani da aka yi wa rasuwa bai gaya wa kowa ba. Su ba kallo ya kawo su ba.

Saboda haka in an tashi daga wasanku na gaba, kada ku tambayi mutum nawa suka zo. Ku tambaya, wa ya sha?