Bakin da Zai Ce A Ci

Ku bar surutun nan ku matso. Wannan ba labarin dariya ba ne.

A Tungar Marke an yi wata tsohuwa, Inna Dubu, wadda ta san daji kamar tsakar gidanta. Mata uku ne suka riƙa binta suna koyo: Tasalla, Kuluwa da Marka. Kullum faɗa take yi musu, don kowacce abin da ranta ke so kaɗai ta ɗauka. Tasalla sawu da kashin dabbobi, Kuluwa ganye da jijiya, Marka kuwa yadda ake cire dafin abin da aka haƙo.

Sai shekarar yunwa ta zo. Rumbuna suka ƙare, tafasa ta ƙare, har yara suka daina kuka don ba ƙarfi. Na ga irin wannan shirun, ba na fatan ku gan shi. Lokacin Inna ta makance, ƙafa kuma ta ƙi. Ta ce musu, "'Ya'yana, ku tafi nemo rogon daji. Ni tawa ta ƙare."

Daji ya bushe ƙurmus, ba inda za a dosa. Tasalla ta tsuguna kan kashin biri, ta fasa shi, ta ga ɓawon rogo a ciki. Ta ware sawun birin daga na gadu da na kura, ta bi shi bisa duwatsu har ƙafafunta suka tsattsage. Ita ta kai su kwarin da rogon yake. Ta bar jaririnta a gida ba lafiya, ba ta tarar da shi da rai ba.

A kwarin, rogo iri biyu ne: wanda ake ci in an gyara, da wanda ba ya gyaruwa, kashewa yake yi. Ganyen da ake bambanta su da shi duk ya kaɗe. Kuluwa ta bi busassun jijiyoyi tana duba yadda kowace ta naɗe itace, tana shinshina saiwa, ta ware mai kisan gefe. Ruwansa ya fantsar mata a fuska, ido ɗaya ya tafi ke nan.

Wanda ake ci ɗin ma ɗanyensa guba ne. Marka ta yayyanka, ta dafa da toka, ta jiƙa, ta zubar, ta sake jiƙawa. Ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ita ke ɗanɗanawa har ɗacin ya fita. Gari ya ci ya rayu, amma cikinta bai sake zama daidai ba.

Da Inna ta ji ajali ya matso, ta tara dattawa. Ta ce, "Ku ji ni da kyau. Baki ɗaya ne zai riƙa ce wa gari a ci ko kada a ci. In bakuna uku ne, ranar da suka saɓa mutane za su mutu." Mai gari ya sunkuyo ya ce, "Inna, wace ce a cikinsu?" Ta buɗe baki, rai ya yi halinsa.

Daminar da ta biyo ma ruwa bai zo ba. Matan uku suna zaune, ba wadda ta nemi wannan nauyi, mutane kuwa sun fara kallon daji.

To, in 'ya'yanku ne za su ci, bakin wacce za ku bi?