Kamran Ɗan Lahor da Taken Marigayi Sarkin Pawa

Akwai wani matashi ɗan ƙasar Pakistan mai suna Kamran, haifaffen birnin Lahor, wanda sana'arsa haɗa kiɗa da kwamfuta, yana kuma ɗora waƙa a kai da muryarsa. Mu da muka yi makaranta a zamanin da ake koyar da ladabi kafin lissafi, ba mu cika ɗaukar irin wannan kiɗa da muhimmanci ba. Amma labarin wannan bawan Allah ya cancanci a karanta shi da natsuwa.

Kamran bai sami sana'ar nan cikin sauƙi ba. Mahaifinsa ya so ya zama injiniya, dangi kuma suna yi masa ba'a cewa yana kiɗa babu ganga. A wani ɗan ɗaki a saman bene ya fara, da tsohuwar kwamfutar aro, yana tattara ƙarar jirgin ƙasa da kiran masu talla yana mayar da su amo mai daɗi. Sannu a hankali sunansa ya fara fita a ƙasarsu, amma bai ƙetare iyaka ba.

To, mene ne haɗinsa da Illela, garin nan na bakin iyaka a jihar Sakkwato? Kakansa na wajen uwa yana cikin malaman Pakistan da suka koyar a makarantun Sakkwato a da, a can kuma aka haifi mahaifiyarsa. Daga bakinta ya tsinci 'yar Hausar da yake gwamutsawa. Akwai wani ɗan kasuwa a Illela, Alhaji Halliru, mai fataucin hatsi tsakanin nan da Ƙonni, wanda ya yi karatu a hannun tsohon, bai kuwa yanke zumunci da gidan ba. Shi ya gayyaci Kamran ya zo ya yi Babbar Salla a garinsu.

Ranar jajibiri Kamran ya zaga kasuwa da 'yar na'urarsa ta ɗaukar sauti. A rumfar mahauta ya iske wani makaɗi mai suna Mannir yana matsa kalangu da wani amo mai nauyi wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ya lura mahauta duk sun dakata da aiki sun yi tsit, sai ya zaci daɗin kiɗan ne ya kama su. Ya nuna wa Mannir na'urar, Mannir ya gyaɗa kai, don shi a zatonsa baƙo zai kai wa mahaifiyarsa tsaraba ne ta saurara.

Da ya koma gida, Kamran ya gina waƙa a kan wannan amo, ya sa mata duk basirar da Allah Ya hore masa. Wani kamfanin kiɗa na Turai ya ji ta, ya ce ita za ta buɗe faifan da zai fitar masa, kuma da ita zai hau dandalin wani babban biki. Ƙofar da ya daɗe yana ƙwanƙwasawa ke nan ta buɗe.

Cikin murna ya aika wa Alhaji Halliru waƙar ta waya tun kafin ta fita. Alhaji ya kunna ta a shagonsa, wani mahauci da ya zo awo ya saurara, ya ajiye buhunsa ya fita. Kafin la'asar magana ta gama kasuwa.

Alhaji ya kira Kamran, ya ce, "Ɗana, ka san mi kaɗ ɗauka? Wanga ba kiɗin rawa ba na. Take na."

Ya bayyana masa cewa take amo ne da makaɗi ke keɓe wa mutum guda, ya zama tamkar sunansa a bakin ganga. Wannan na marigayi Sarkin Pawa Hamidu ne. Tun rasuwarsa gidansa ya jingine shi, ba a buga shi sai ranar jajibirin Babbar Salla, mahauta su tsaya su yi masa addu'a. Ɗansa Sahabi, wanda ya gaji sarautar, ya fusata ƙwarai, har ya hana Mannir zuwa rumfa.

Kamran ya sanar da kamfanin. Suka ce masa doka tana bayansa, makaɗi ya yarda an ɗauka, kuma wa zai ji a wani gari na bakin iyaka? Suka ƙara da cewa in ya cire kalangun, waƙar ta mutu, faifai da biki kuma sai ya manta da su, domin lokaci ya ƙure.

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shirun mahautan nan, wanda ya zaci sha'awa ce ashe addu'a ce. Daga ƙarshe ya ɗauki jakarsa ya kamo hanya, ya sauka Sakkwato, ya shiga mota zuwa Illela.

Alhaji Halliru ya raka shi zauren Sarkin Pawa Sahabi. Kamran ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi gaisuwa da Hausarsa mai tuntuɓe. Ya ce ya yi kuskure cikin rashin sani, ya zo neman gafara, ya kuma zo roƙon izini in da hali. Ya yi alkawarin sa sunan marigayi a kan faifai da ba gidan kaso daga abin da aka samu.

Sahabi ya dube shi ya ce, "Inda za a buga shi, mi mutane ka yi in sun ji?"

Nan ne wurin da ƙarya guda za ta iya raba gardama. Alhaji ma ya ɗan taɓa shi da gwiwar hannu. Amma Kamran ya ce, "Ranka ya daɗe, rawa za su yi. Wasu cikinsu ma a buge."

Sahabi ya ce, "To, ubana ba ya zuwa wurin nan. Ba don kuɗɗi ba, ba don suna ba."

Kamran bai yi musu ba. Ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, ya goge amon da waƙar da aka gina a kansa a gaban kowa, ya kuma aika wa kamfanin cewa ya janye ta, kada su saki kwafinsu. Shi kaɗai ya san abin da ya binne. Daga nan ya roƙi alfarma guda: a mayar da Mannir bakin aikinsa, tun da laifin ba nasa ba ne.

 Sahabi ya sa aka kawo wa baƙo fura, aka sallame su.

A hanya Alhaji ya yi ta mita. "Kai dai jikan Malam, taurin kai gado na! Kakanka ma haka shike, rabin maki bai taɓa yi muna kyauta ba."

Kamfani ya cika maganarsa, aka ba wani gurbinsa. Kamran ya koma ɗakinsa na saman bene yana haɗa kiɗan tallar sabulu da na shayi don ya ci abinci. Abokan sana'a suka riƙa cewa ya sayar da rabonsa saboda mamacin da bai taɓa gani ba. 

Da wata Babbar Sallar ta kusato, Alhaji Halliru ya kira shi ya ce Sarkin Pawa yana nemansa, ya zo da na'urarsa.

Ranar jajibiri Mannir, wanda aka mayar bakin aikinsa, ya buga taken marigayi, Kamran ya tsaya cikin sahun mahauta hannunsa a buɗe, na'ura a kashe cikin aljihu. Da aka shafa, sai Sahabi ya yi wa Mannir alama. Mannir ya gyara ratayar kalangu, ya saki wani sabon amo mai tsalle wanda ba wanda ya taɓa ji, yana yi yana kirari: "Baƙon Halliru ɗan Lahor, ya ɗauka bai sani ba, da ya sani ya maido!"

Mahauta suka ɗauka da shewa suna kaɗa wuƙaƙe a kan katako. Kamran ya tsaya sororo.

Sahabi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wancan na ubana na. Wanga naka na. Kunna abinka. Ka kai shi duk inda kaka so, su yi rawa har su gaji."

Kamran ya shiga lalubar na'ura a aljihu. Mannir ya ce cikin dariya, "Kunna mana, yallaɓai, hannuna ba na'ura ba na!"

A kan wannan take ya gina waƙar da ta fitar da sunansa duniya, ya sake ta da kansa ba tare da wani kamfani ba, sunan Mannir yana gefen nasa. Daga baya masu shirya bukukuwa su suka riƙa nemansa. Ko a wace ƙasa ya hau dandali, da amon kalangun Illela yake buɗewa. An ce har yau in ya shigo kasuwa Mannir kan tare shi da takensa tun daga bakin rumfa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar sabon ango.

Darasi: Ba duk abin da hannu ya iya kaiwa gare shi ba ne halalinsa, kuma wanda ya mayar da abin mutane saboda girmama su, Allah kan ba shi nasa na kansa wanda ba mai ƙwace masa. Ku isar da wannan labari ga 'ya'yanku da jikokinku, musamman masu ɗaukar sauti da hoton jama'a ba tare da tambaya ba.