Kwazazzabon Ranau

Tun zamanin da giwaye ke shan ruwa inda kasuwar Dinyawa take a yau, wani maharbi mai suna Ranau ya sauka a gindin tudun nan. An ce akwai wata ɓauna da ta hana kowa zama a wurin, kibiya ba ta kama ta. Sai da Ranau ya kira ta da harshenta ta waiwayo, sannan ya harbe ta a maƙogwaro. Maroƙa kan ce masa: Ranau gagara-dawa, kibiya ɗaya nama biyu! Shi ya kafa bukkar farko, wannan babu mai musu.

Jama'a suka yi ta zuwa, kowa na saran daji inda ya ga dama. Sai wata tsohuwa mai magani, Tabawa, ta tara mutane a dandali, ta ce kurmin da ya kewaye garin shi ke tare ruwan tudu, in gatari ya cinye shi gari zai bi ruwa. Aka sha gardama. Daga bisani maza da mata suka fita tare, suka ware inda za a yi gona, inda za a yi gini, da burtalin shanu. Kowane gida ya ɗaura kaba a itatuwan da ke fuskarsa, da sharaɗin itacen da ke da kaba ba a sa masa gatari.

Ranau ma ya ɗaura tasa, babu ko ɗar. Matsalar daga baya ta zo. Yara suka fara cewa Kurmin Tabawa, fatake suka ɗauka, har maroƙansa suka sa a waƙa. Kai, kishi bai yi ba! Bawan Allah ya daina farauta, ya rame, in ya ji sunan sai tuwo ya fita ransa.

Tabawa ta same shi a ƙofar gida, ta ce, “Sarkin baka, ba ni na raɗa ba. In suna kake so, ɗauka, ka bar mana itatuwan.”

Ya ce, “Sunan da za a ba ni sadaka? Inna, koma gida. Kabata ce, ni na ɗaura, ni zan kwance.”

Da rana tsaka ya kwance ta, dattawa na roƙo yana sara. Ya share gefensa na arewa ƙarƙaf, ya ce daga yau a kira wurin Gonar Ranau, a gani ko ba za ta danne sunan kurmi ba.

Damina ta faɗi, ruwan tudu ya sami ƙofa. Ya kwashe gonar, ya kwashe bukkar farko, ya tsaga ƙasa har mutum a tsaye ba a ganin kansa. Ranau ya tsira da bakansa kaɗai, ya tsaya a bakin ramin yana kuka kamar yaro. Tun daga nan aka sa doka: ba mai kwance kaba sai gari ya taru ya yarda, ko da shi ya ɗaura.

Sauran kurmin na nan kore shar, kabar ma kowace shekara ana sabunta ta. Sunan maharbin kuwa ya shiga bakin kowa yadda ya so, don da shi ake kiran kwazazzabon da ruwan ya tsaga. Har gobe, in uwa za ta aiki ɗanta itace, sai ta bi shi da murya: “Kada ka kusanci Ranau, ƙasar tana zaftarewa!”