Makin da Uwa Ta Ci wa Ɗanta

An yi wata mata mai aikin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin haƙori. Mace ce mai tsafta da iya magana, kuma tana son ɗanta, ba wanda zai musa wannan. Aibinta guda ne. Ba ta iya jure a ga gazawarta, musamman a idon mutanen da ke cikin wayarta.

Ɗan nata shi kaɗai Allah ya ba su. Tun yana ƙarami ba abin da ke tsira daga hannunsa a gidan: rediyo, tocila, agogon bango, duk sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Shi ya sa mahaifinsa, wanda sana'arsa gyaran fanka da firji ce, ya laƙaba masa Injiniya, sunan kuma ya bi shi har makaranta. Burin yaron bai wuce ya shiga sakandaren kimiyya ba, inda aka ce akwai ɗakin da ɗalibai ke haɗa injuna da hannunsu. Shiga makarantar sai da jarrabawa, kuma sau ɗaya ake ba yaro dama. In shekarunsa suka wuce, shi ke nan.

Iyayen 'yan ajin suna da zaurensu na waya, wanda suke kira guruf. A nan ake tura tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a nan ake musu kan ko ya dace a ba yaro waya, a nan ake tsine wa jarrabawa da safe a yabe ta da yamma. Uwar Injiniya ce tauraruwar wurin. Ba a tada magana ba ta sa baki ba. Ta sha rubuta cewa babu yaro daƙiƙi, sai dai uwa malalaciya. Da yake ɗanta ya taɓa zuwa na ɗaya a aji uku, sai matan suka riƙa kiranta Maman Na-ɗaya, ita kuwa sunan ya fi mata turare daɗi.

A shekarar jarrabawa, makaranta ta kawo wata manhaja ta gwajin lissafi. Kowane yaro da lambar sirrinsa. Malamin lissafi ya yi wa iyaye bayani dalla-dalla. Abin da yaro ya faɗi, manhajar za ta yi ta maimaita masa shi har ya gane. Abin da ya ci, za ta wuce da shi gaba. Shi kuma malam yana ganin makin kowa, waɗanda suka yi rauni zai riƙa tsare su bayan an tashi, ya yi musu ƙarin darasi.

Da farko komai ya tafi daidai. Injiniya yana cin tarawa da ɗebewa da ninkawa, uwarsa tana ɗaukar hoton makin tana turawa guruf duk ƙarshen mako. Sai aka zo lissafin rabe-rabe, irin na rabi da kwata da sulusi. A nan yaron ya ci tuntuɓe. Ko rabin makin bai samu ba.

Washegari tana wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, ta ga wata uwa ta tura makin 'yarta, ya kusa cika. Nan da nan wata ta rubuta, "To, muna jiran na Maman Na-ɗaya, mu ga yadda ake yi." Ta ajiye cokali. Ta buɗe manhajar da lambar ɗanta, ta yi ta kallon jan makin nan kamar tabon mai a farin mayafi. A ƙasansa akwai wani ɗan madanni da aka rubuta a sake gwadawa. Ta dubi ƙofa, ba majinyaci ko ɗaya. Ta jawo kalkuletar teburinta.

Kafin likita ya dawo, makin ya cika. Ta tura hoton. Yabo ya yi ta zubowa. Ta ce a ranta, yau kaɗai ne, in na koma gida zan zaunar da shi in koya masa.

Ba ta zaunar da shi ba. Ta koma a gajiye, ga girki, ga saƙonnin da ke jiran amsa. Mako na gaba ma haka aka yi, da wanda ya biyo baya. Abin ya zame mata kamar shan shayin rana.

Wata yamma tana yanka albasa, Injiniya ya shigo kicin da wayar gida a hannu.

"Umma, manhajar nan fa ta samu matsala."

"Wace irin matsala kuma?"

"Ta ce na ci rabe-rabe duka. Ni kuwa wallahi ban gane shi ba. Yanzu ma ta daina kawo min shi, ta wuce wani abu mai wuya."

Ba ta ɗago ba. "Kai dai ba ka san kanka ba ne. Na'ura za ta yi maka ƙarya? Ka gane mana. Miƙo min gishirin can."

Ya miƙa mata, ya ɗan tsaya yana kallonta, sannan ya fita.

Bayan 'yan kwanaki ya sake zuwa da wata maganar. Ya ce ya roƙi malam ya bar shi ya zauna a ajin ƙarin darasi, malam ya yi dariya ya ce kujerun na masu buƙata ne, ba na gwanaye ba. Har ma ya sa shi ya fito allo ya nuna wa 'yan aji yadda ake haɗa sulusi da kwata. Ya tsaya da alli a hannu har yara suka fara dariya, malam ya ce kunya ce ke damunsa.

"Umma, ko za ki kira shi ki ce ya saka ni?"

Lokacin tana riƙe da waya a bakinta, tana naɗar saƙon murya ga guruf. Ta ɗaga masa hannu alamar ya yi shiru, ta ci gaba da cewa, "'Yan'uwana mata, sirrin bai wuce sauraro ba. Ki saurari ɗanki, ki san inda yake da rauni." Da ta gama ta juyo, ya riga ya tafi. Ta san in ta kira malam, sai ta faɗi dalili. Ta bar maganar.

Mahaifin yaron ma ya lura. Ran nan yana gyaran wata fanka a tsakar gida, ya miƙa wa Injiniya wayar lantarki da tef ɗin awo, ya ce ya yanko masa kashi uku cikin huɗu. Yaron ya yi ta juya tef ɗin, daga ƙarshe ya yanko abin da bai kai rabi ba. Uban ya karɓa ya ajiye, ya je ya sami matarsa a ɗaki.

"Maman Injiniya, anya yaron nan ya iya lissafin da kike ta tallatawa?"

"Tallatawa? Au, ni ce ma mai talla?"

"Ba faɗa na zo yi ba. Waya na ce ya yanko, ya kasa."

"To lissafin makaranta daban, na bakin fanka daban. Kai da ko buɗe manhajar ba ka iya ba, ka bar mu da abin da muka sani."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Shi ke nan, ranki ya daɗe. Ni dai na san kwata kwata ce, ko a waya ko a tef."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta yi niyya, niyya ta gaskiya, cewa kafin jarrabawa za ta ɗauki hutu ta koya masa komai daga tushe. Ta ma sauke tarin tsofaffin tambayoyi a wayarta. Amma ba ta taɓa buɗe su tare da shi ba. Guruf ta tura su, da rubutu a sama cewa da waɗannan take horar da nata.

Ranar jarrabawa ta raka shi har bakin ƙofa, ta gyara masa wuyan riga. Da aka fito, yara suna ta ihu suna gwada amsoshi, shi kuwa ya zo ya tsaya kusa da ita.

"Yaya, Injiniyana? An ragargaje su?"

"Mu tafi gida, Umma. Kaina ke ciwo."

Da sakamako ya fito, ya ci kimiyya, ya ci harshe, ya faɗi lissafi warwas. Yawancin tambayoyin a kan rabe-rabe aka gina su. Sunansa bai fito ba. Yaran da suka yi ta zaman ƙarin darasi kuwa, da yawansu sun samu.

Malamin lissafi ya aika a kira ta. Ta same shi a ofishin malamai, fanka na ta ƙara a sama, Injiniya na tsaye gefen tebur da hannuwa a baya. Malam ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa.

"Hajiya, abin nan ya hana ni sukuni, shi ya sa na koma na bincika. Manhajar tana ajiye lokacin da aka yi kowane gwaji. Duk wanda yaron nan ya yi da yamma, faɗuwa yake. Sai washegari da tsakar rana a sake, a cinye duka. To da tsakar rana yana zaune a gabana, ba waya a hannunsa." Ya juya ga yaron. "Kai, tun ɗazu nake tambayarka. Wa ka ba lambarka yake yi maka?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Ka yi magana gaban mahaifiyarka. Matar nan ba ta da zance sai naka, ka rasa abin da za ka saka mata da shi sai ha'inci?"

Ta buɗe baki. Kafin ta tattaro kalma, sai ta ji muryar ɗanta ƙasa-ƙasa.

"Wani abokina ne, Malam. Laifina ne. A yi haƙuri."

Bai dube ta ba ko sau ɗaya. A nan ta gane cewa ya sani. Ta zauna a kan bencin da ke jikin bango.

"Malam," ta ce, "ba shi da wani aboki. Ni ce."

Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. "Hajiya, ai da kin bar masa jan makinsa. Da shi zan gane yana neman taimako. Wata guda ya ishe ni in gyara masa wannan." Ya numfasa. "Ni ma da nawa laifin. Yaro ya zo da bakinsa ya ce bai gane ba, na gaskata allo na ƙaryata shi."

Suka kama hanyar gida, har suka wuce shagon mai faci. Sannan ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kike yanka albasa. Na ga manhajar a wayarki."

"Me ya hana ka faɗa wa babanka?"

"Na ga kina jin daɗi ne, Umma. In ana yabonki a guruf har waƙa kike yi a kicin." Ya shuri wani ɗan dutse. "Na ɗauka zan iya koya da kaina kafin lokacin. Na gwada. Ban iya ba."

Ta so ta riƙe hannunsa, sai ta ga ya zura shi a aljihu.

Mahaifinsa bai yi faɗa ba da ya ji. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya dai dube ta ya ce, "Kin ci jarrabawarki, Maman Na-ɗaya," ya ɗauki jakar aikinsa ya fita.

A ranar ta fice daga guruf. Ta zaci za a yi ta kiranta ana tambayar lafiya. Mutum biyu ne suka kira, su ma so suke su ji ko gaskiya ne yaron bai samu ba. Kafin mako ya zagayo, ta ji an ce wata uwar ce ke ba da shawara a wurin, ana ta yaba mata.

Injiniya ya shiga makarantar unguwa. Kwalin da yake tara ƙananan injuna da batura ya tura shi ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi. Kullum da safe motar sakandaren kimiyya tana bi ta bakin layinsu, shi kuwa sai ya tsaya ɗaure igiyar takalmi a cikin gida har ta wuce.

Wata ranar hutu ta ɗauko lemo da wuƙa da faranti, ta same shi a tsakar gida. Ta yanka lemon gida huɗu.

"Zo ka gani, Injiniya. Wannan ɗaya ita ce kwata. In ka haɗa biyu..."

Ya dubi farantin, ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa, kuma rashin fushin ne ya fi yi mata ciwo.

"Ki bar shi, Umma. Baba yana koya min a shago." Ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. "Kuma don Allah a daina ce min Injiniya."

Ta zauna da yankakken lemon a gabanta har ƙudaje suka fara sauka a kai.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Faɗuwar yaro a gwaji ba abin kunya ba ce, hanya ce da yake gaya mana inda yake buƙatar a kama hannunsa. Uwa ko uban da ya rufe wannan faɗuwa don mutanen waya su yaba masa, bai taimaki ɗansa ba, ya toshe masa baki ne a lokacin da yake neman agaji. Masu yabon nan za su manta da ke cikin mako guda, su koma yabon wata. Ɗanki kuwa shi zai zauna da abin da aka yi masa. Saboda haka idan yaro ya ce bai gane ba, a ajiye waya a saurare shi, ko da duk allunan duniya sun nuna cewa ya ci.