Hawainiyar da Ta Ƙi Cokali

Akwai wani mutum mai lambu, wanda wata rana yana sassabe ya tsinci ƙaramar hawainiya a ƙarƙashin reshen gwaiba. Maimakon ya jefe ta yadda mutane suka saba, sai ya ɗauke ta ya kai gida, ya yi mata keji na waya, ya sa mata rassa a ciki. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa wasu na kiwon awaki, shi ya zaɓi abin da ko miya ba ya shiga. Bai kula su ba, gama yana ƙaunarta ƙwarai. Kowace safiya yakan kamo mata fara, ya tsaya yana kallon yadda take juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma.

Ana nan sai hawainiyar ta fara rashin lafiya. Ƙafafunta suka yi laushi, ta riƙa zamewa daga reshe tana faɗowa ƙasa. Hankalin mutumin ya tashi, ya sa ta a kwando ya kai wa likitar dabbobi.

Likitar ta duba ta, ta ce, “Baba, cikinta a cike yake, amma ƙasusuwanta ne ba su samun abin da suke bukata. In aka bar ta haka, mutuwa za ta yi. Ga garin bitamin a gwangwani, kaɗan ake ba ta, kuma a riƙa fitar da ita ta sha hantsi. Yadda ake ba ta kuwa shi ne...”

“Na gane, na gane,” in ji shi, ya karɓe gwangwanin ya kama hanya. Gama mutumin nan yana da kirki, sai dai bakinsa ya fi kunnensa sauri.

Da ya isa gida ya ɗebo garin a cokali ya miƙa mata. Hawainiya ta dubi cokalin da ido ɗaya, ta dube shi da ɗayan, ta juya baya. Washegari ya dama garin a ruwa ya ajiye mata a murfin kwalba, ko sunsuna shi ba ta yi ba. A rana ta uku ya yi ƙoƙarin buɗe mata baki da ƙarfi, sai ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin, ta hura masa iska. Ya ja kujera ya zauna, ya shiga yi mata wa'azi a kan amfanin bitamin da sharrin taurin kai. Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, dariya har da hawaye.

Amma shi ba dariya yake yi ba. Hawainiyar tana ƙara ramewa, yana ganin za ta mutu a hannunsa alhali ga magani a gabanta, abin ya ba shi baƙin ciki sosai.

A rana ta huɗu, yana riƙe da gwangwanin a buɗe, sai wata fara ta kuɓuce daga ɗaya hannun nasa ta faɗa cikin garin. Ta fito ta yi fari fat kamar wadda ta yini a injin niƙa, ta yi tsalle ta sauka kusa da hawainiyar. Idanun nan biyu suka juyo wuri ɗaya. Harshe ya fita, fara ta ɓace, da garin da komai.

Mutumin ya yi tsaye baki buɗe. Matarsa ta ajiye rariya ta ce, “Baban Rifkatu, ashe ba garin ta ƙi ba, cokalinka ta ƙi. Ita sai abu mai rai take ci.”

Ya koma wurin likitar da kunya ya ba ta labari. Ta yi murmushi ta ce, “Ai abin da zan faɗa maka ke nan ka tashi. A jikin fara ake barbaɗa shi. Farar ma ka riƙa ba ta ganye mai kyau, don abin da ta ci shi hawainiya za ta samu.” A wannan karon ya saurara har ƙarshe. Bayan 'yan watanni hawainiyar ta koma kama reshe gam, ta yi kore shar, mutumin kuwa ya kira maƙwabtan nan su zo su gani, ya yi ta murna.

Ma'anar wannan misali ita ce: garin nan Maganar Allah ce, wadda take ƙarfafa mutum daga ciki. Hawainiyar ita ce wanda kake ƙauna kake so ya san Ubangiji, ko ɗanka, ko mijinki, ko maƙwabcinka. Cokalin shi ne yawan faɗa da dogon wa'azi a gida. Farar kuwa rayuwarka ce ta yau da kullum.

'Yan'uwa, da yawanmu mun gaji da miƙa cokali, har muna cewa yaran zamani ba su jin magana. Suna ji, sai dai ido suka zuba mana. Yaron da ya ga babansa ya ce wa mamarsa “ki yi haƙuri, na yi kuskure” ya haɗiye darasin tuba ba tare da an buɗe masa baki ba. Yarinyar da ta ga mamarta ta kai wa wadda ta zage ta abinci ranar da matar ta kwanta ciwo ta koyi gafara. Mu ma sai mun ci Maganar mun ƙoshi kafin a same ta a jikinmu.

Saboda haka, in ka koma gida yau, ajiye cokalin tukuna. Akwai mai kallonka da ido biyu, kuma yana jin yunwa.