Kiɗan da Baba Orval Ya Gada

Akwai wani yaro a garinmu, nan gabashin Oklahoma, sunansa Royce Tackett. Jikana ne, kuma wannan ba zai sa in rage masa laifi ba. A hannuna ya tashi, uwarsa ta rasu yana rarrafe.

Da ya tasa sai ya aske gefe da gefen kansa, ya bar zanko a tsakiya kamar zakara. Ya samo abokai biyu: Darla, 'yar mai gidan mai, tana buga ganga, da wani dogo mara magana, Buck, mai gita. Suka sa wa kansu suna Ɓatattun Maruƙa. Na ce sunan ya dace.

Pank suke kiran kiɗan nasu. Ihu ne da gudu. Kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare, ba ka tsinci kalma ko ɗaya ba. A rumbun ciyawata suke yi, wani ƙaton ɗaki na katako, ni kuma na yarda ne don gara in san inda yaro yake.

Maƙwabcinmu Orval Pruitt mai goge ne. Shi yake kaɗa mana a dandalin rawa ran Asabar tun ina da ƙugun rawa. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure can California. Wata rana ya zo aron tsani, sai ya tsaya yana saurare.

"Yaya Verna, wa ake yankawa a rumbunki?"

Na ce, "Shiga ka gani. In da sauran nama ka kawo min."

Ya leƙa ya ce wa Royce, "Kai mai zanko, waƙar nan da kake yi wa tsawa ta kakanninka ce fa. Gudu kawai ka ƙara mata."

"Baba Orval, wannan ba kiɗan tsofaffi ba ne. Koma gida kar jininka ya hau."

"Jira ni a nan."

Ya je ya ɗauko gogensa. Darla ta tashi kiɗa da gudun da take zaton zai kayar da shi. Ya bi su, ya kamo su, ya wuce su. Yarinyar nan dariya ta sa sanda ta kuɓuce mata.

Daga ranar kiɗansu ya sauya. Fushin yana nan, gudun yana nan, amma yanzu akwai kuka a ƙarƙashi. Royce ya fara buɗe baki ana jin abin da yake faɗa: rijiyoyin mai da aka rufe, gonakin da aka yi gwanjonsu, uwar da bai sani ba. A birnin Tulsa sai ka ga yara masu zanko da makiyaya masu malafa suna rawa a fili ɗaya, ana ture juna, ba a faɗa.

Faifai biyu suka yi, duka a rumbuna. Sukan tsaya a da'ira suna kallon juna, a kunna na'ura, a buga gaba ɗaya. Wanda ya yi kuskure, kuskurensa ya zauna. Haka mutane suka saya, haka suka so.

To, Orval yana da wani kiɗa da ba ya yi a gidan giya. A wajen ubansa ya koya, uban a wajen nasa uban, tun suna kan duwatsun Kentucky. Ba a taɓa rubuta shi ba, ba a taɓa ɗaukarsa a na'ura ba. Kafin ya kaɗa shi sai ya sassauta tsirkiya biyu daga cikin huɗun da gogen nan namu ke da su, ya sake ɗaure su wani irin ɗauri, har gogen ya riƙa amsa wa kansa kamar mutum biyu ne. 'Yarsa ba ta koya ba. A duk duniya yatsun Orval kaɗai suka rage da shi.

Ya sha ce wa Royce, "Zo ka zauna in zuba maka kiɗan Babana."

Kullum amsar ɗaya ce: "Sai mun dawo daga tafiya, Baba."

Shekarar da wani kamfani daga birnin Nashville ya neme su don faifai na uku, hannun Orval na hagu ya fara sandarewa. Ni na fara lura, a kan teburina, ya kasa tsinka burodin masara.

Na ce, "Orval, hannun nan fa?"

Ya ajiye burodin. Royce yana zaune, shi ya kalla. "Likita ya ce gaba zai yi, ba baya ba. Saboda haka ka saurara, yaro. Kiɗan Babana zan sa a ƙarshen waƙar nan ta uwarka. In ya shiga faifai, ko bayan raina wani mai kunne zai tsince shi. Abin da nake roƙo ke nan."

Royce ya ce, "Baba, ai wannan ba sai ka roƙa ba."

A gabana aka yi. Kada wani ya ce muku bai sani ba.

Abin da ya faru a Nashville, Darla ce ta ba ni labari, kuma yarinyar ba ta ƙarya. Can ba a tsayawa a da'ira. Kowa da ɗan ɗakinsa na gilashi, a toshe masa kunne da na'ura, ya buga nasa shi kaɗai. Tef ɗin da ake ɗaukar sautin a kai faffaɗa ne, kowane kiɗa da layinsa, kamar kunya a gona. In aka ɗora sabon abu a kan layi, na da ya tafi har abada.

Orval ya jiƙa hannunsa a ruwan zafi da gishiri tun safe. Ya shiga, ya sake ɗaurin tsirkiya, ya kaɗa daga farko har ƙarshe. Darla ta ce ko Buck da ba ya magana sai da ya juya wa mutane baya. Tsohon ya fito jiƙe da gumi, yatsunsa sun ƙi miƙewa, ya ce, "Shi ke nan, na sauke." Washegari ya hau bas ya dawo gida saboda shanunsa.

Bayan ya tafi, mai kula da aikin, wani Mista Garland, ya ja Royce gefe.

"Ka ji yadda hannun tsohon nan yake rawa? Rediyo ba za ta sa wannan ba. Ina da yaro a nan, kafin azahar ya gama maka shi sumul. Sunan tsoho ya zauna a bangon faifai, kowa ya ji daɗi."

Darla ta ce, "Royce, kar ka soma."

"Ke ganga aka ɗauke ki bugawa ko shawara?"

"Au, ɗauka ta aka yi? Yau na ji." Ta ɗauki jakarta ta fita, tana zaton ko an yi ɗin, za a ajiye na tsoho a gefe.

Royce ma ya tambaya ko za a iya ajiye na tsohon. Garland ya ce layuka sun cika. Ko a ɗora a kan gogen, ko a shafe ɗaya daga cikin layukan muryar Royce, don sun ninka masa murya har uku ta ƙara kauri.

Jikana ya saurari muryarsa, ta yi masa daɗi. Ya ce a ɗora a kan gogen.

Kwafe kiɗan a kaset ba zai kai tsawon shan kofi ba. Ba wanda ya tuna. Shi da ya kamata ya tuna, ana jiransa a waje za a ɗauki hoton bangon faifai.

Yaron da aka kawo ba shi da laifi, aiki aka ba shi. Ya saurara, ya kama kan kiɗan, ya cike sauran da abin da ya saba. Bai taɓa tsirkiyarsa ba, bai ma san ana sake ɗauri ba.

Ranar da faifan ya iso, Lahadi ce. Bayan coci na soya kaza, na dafa wake, aka fito da na'ura baranda. Orval ya zo da farar rigarsa mai guga, ya zauna, ya ɗora malafa a gwiwa.

Aka zo waƙar. Goge ya shigo, santsi kamar man shanu. Orval ya karkata kai, ya saurara har ƙarshe, bai motsa ba.

Sannan ya ce, "Yaron ya iya. Waye shi?"

Royce ya ce, "Kai ne mana, Baba. Gyara sauti kawai aka yi."

"Royce, mutum ba ya kasa gane tarin kansa. Waye?"

Royce ya kawar da ido. Orval ya ci gaba:

"To ba komai. Kasuwa ce, kun fi ni saninta. Nawa ɗin dai ka sa a zuba min a kaset, in aika wa 'yata. Ko ba ta iya ba, ta ajiye wa 'ya'yanta."

Royce ya sunkuyar da kai. Darla ce ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa: "Kun ajiye, ko?"

Royce ya ce, "An ɗora a kai."

Orval ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya miƙe, ya sa malafa, ya ce, "Yaya Verna, kazar ta yi daɗi." Bai ci ko loma ba.

Na bari sai da ya wuce shinge, sannan na ce wa Royce, "Na ciyar da kai, na tufatar da kai, ban taɓa jin kunyarka ba ko da zankonka. Yau na ji. Tashi ka bi shi."

"Kaka, ba ki gane harkar nan ba."

"Na gane mutum ya ba ka ajiya ka zubar. Wannan ba ya buƙatar karatu."

Bai bi shi ba. Da asuba motarsu ta tashi zuwa yawon wasa.

Faifan ya sayu, kar ku ce alhaki ya kama shi nan take. An sa shi a rediyo, an nuna su a talabijin. Darla ta gama tafiyar da aka riga aka shirya, ta ajiye sanda, ta koma gidan man ubanta. Aka kawo wani a madadinta, daga baya ma na'ura aka sa. Royce ya aske zanko, ya sayi riga mai ƙyalli. Faifai na huɗu ya fi na uku santsi, na biyar kuwa irin kiɗan da ake sawa a ɗakin jiran likitan haƙori ne. Masu zanko suka ce ya sayar da kansa. Masu malafa suka ce da ma ba nasu ba ne. Kamfani ya samo wasu yara.

Duk tsawon wannan lokaci Orval bai taɓa faɗin mugun abu a kansa ba. In na kai masa miya sai ya ce, "Ya mai zankonmu? Na ji shi a rediyo, muryar tana nan." Da farko yakan gwada ɗaukar gogen. Daga baya ya daina.

Royce ya dawo gida yana da furfura a gemu, shi da Buck kawai a tsohuwar mota. Ya ce yana so ya koma kiɗansu na asali. Ya sayi ƙaramar na'urar ɗaukar sauti, ya ce in raka shi gidan Orval, don shi kaɗai ba zai iya shiga ba.

Na ce, "Ƙafarka ƙalau take." Amma na raka shi, saboda tsohon.

Mun same shi a kujerar baranda, bargo a cinya, hannun ya dunƙule kamar busasshen ganye.

"A'a, ga ɓataccen maraƙi. Ina zankon? Ko shi ma an ɗora wani a kai?"

Royce ya durƙusa. "Baba, na cuce ka. Ka yafe min."

"Tuntuni. Tashi, kana tsorata min kare."

"Na zo da na'ura. Ko da baki ne ka rera min, zan nemi goge in koya. Ko shekara nawa zai ɗauka."

Orval ya ce a ɗauko masa gogen. Royce ya ɗaure tsirkiyar yadda tsohon yake gaya masa, ƙara nan, sassauta can. Orval ya ɗora shi a kafaɗa, ya ja sau ɗaya. Yatsun ba su sauka ba. Ya ajiye.

Sai ya fara rerawa da baki. Farkon ya fito daidai, har ni na gane shi. Ya kai wani wuri ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Ya rufe ido, leɓensa na motsi.

Can ya buɗe ido ya ce, "Ba a kaina yake ba, yaro. Tun ina ƙarami a yatsu yake zaune, su suke sanin hanya, ni bin su kawai nake yi. Ranar nan a Nashville na roƙe su sau ɗaya, suka ba ni." Ya miƙa masa gogen. "Riƙe wannan. Sauran kuwa babu."

Na'urar tana ta juyawa. Ni na miƙa hannu na kashe ta.

Orval ya rasu da sanyin shekarar. 'Yarsa ta zo biso daga California, ta riƙe hannun Royce a ƙofar coci ta ce, "Baba ya ce min ya sa kiɗan babansa a faifanku. Na saya, kullum ina sa wa yara."  Sai da na taka wa Royce ƙafa sannan ya ja ta gefe ya gaya mata gaskiya. Abin da kawai ya iya ba ta shi ne kaset ɗin baranda: muryar tsoho, rabin kiɗa, da shiru.

Darasi: In mutum ya damƙa maka abin da ba shi da na biyunsa, ka ajiye shi kafin ka duba ko ya yi maka kyau. Abin da ke rawa a hannun tsoho ba a samunsa a kasuwa, santsi kuwa ko'ina akwai. Yafiya tana samuwa, amma ba ta dawo da abin da aka shafe. Duk mai tsoho a kusa da ke ce masa "zo ka zauna in koya maka," ya je yau, kar ya ce sai ya dawo daga tafiya. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku wannan, musamman masu ganin lokaci na jiransu.