Gaisuwar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

A wani tsibiri, Ɓera ya shanye ƙwan tsiryoyi, har ya rage saura Tsirya ɗaya tana kwanci kan ƙwai uku. Ta kai kuka wurin Kunkuru.

Ya ce, "Koma ɗakinki, 'yar nan."

Ya je ya kwanta gindin bishiyarta. Da hantsi sai ga Ɓera.

Kunkuru ya ce, "Kai marar kunya, babba za ka wuce ba gaisuwa?"

Ɓera ya durƙusa. "Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau. Ina ɗanka na fari? Madalla. Mai bi masa fa?"

Jama'a, 'ya'yan Ɓera casa'in ne, jikoki ba iyaka, kuma kun san bakin Kunkuru. Kafin a kai kan auta, ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'yan tsiryoyi sun yi fiffike sun tashi fir!

Tsirya ta sauko da hawaye. "Baba, da me zan saka maka?"

"Ki cika mana tsibirin nan da surutu, shirun ya ishe ni."

Ƙurunƙus kan ɓera! Dabarar ma ni na ba Kunkuru, in ƙarya nake ku tambaye shi.